Dutsen Ɗariƙu: Sansanin Yaƙin da Ya Koma Gandun Daji

Gabatarwa

A ƙarshen kudancin nahiyar Turai, kusa da inda Bahar Rum ke haɗuwa da Tekun Atlantika, akwai wani dutse da ya miƙe tsaye daga bakin ruwa kamar an dasa shi ne domin gadin mashigi. Larabawa sun kira shi Jabal Ɗariƙ, wato Dutsen Ɗariƙu, harshen Turawa kuma ya lanƙwasa sunan ya koma Jibralta. Faɗin ƙasar da dutsen yake a kanta bai kai murabba'in kilomita 7 ba, tsayinsa kuwa mita 426 ne daga ruwa zuwa ƙololuwa. Duk da wannan ƙanƙanta, sau 14 aka yi masa ƙawanya ta yaƙi tsakanin shekarar 1309 da ta 1783. A yau kuwa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙasar gandun daji ne da doka ta keɓe, inda baƙi ke bin turbobin ƙafa a tsakanin itatuwan zaitun na daji, birai na zaune a kan tsofaffin igwoyi suna kallon su.

Manufar wannan maƙala ita ce mu duba yadda aka yi wannan juyi. Za mu ga cewa sojan da ya aske dutsen ƙwal shi ne kuma ya killace shi har ya sake tofo, ba don ƙaunar tsiro ko tsuntsu ba, sai don tsaron bindigoginsa. Za mu ga kuma abin da mutanen wurin suka yi a lokacin da sojan ya naɗe tabarmarsa, domin a nan ne darasin yake. Da yake tarihin Jibralta a jere yake daga gindin dutse zuwa samansa, za mu bi shi kamar yadda mai ziyara ke bin sa, wato da ƙafa, daga ƙasa zuwa bisa.

Dutsen da Mashiginsa

Kafin mu fara hawa, ya kamata mu san abin da muke takawa. Dutsen Ɗariƙu farin dutse ne irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa da siminti. Irin wannan dutse ruwan sama kan ci shi a hankali ta ciki, saboda haka cikinsa cike yake da kogwanni, bayansa kuwa ba ya riƙe ruwa. Babu kogi ko rafi ko ɗaya a Jibralta. Ta gabas da arewa dutsen a tsaye yake kamar bango, ta yamma ne kawai ya kwanta har aka sami wurin gina gari da tashar jiragen ruwa. Wani siririn ziri na rairayi shi ya haɗa shi da ƙasar Sifen. Idan iskar gabas ta taso ɗauke da laima, takan bugi bangon ta hau sama, sai wani gajimare ya ɗaure a kan ƙololuwa kamar rawani, ya wuni a nan alhali sauran sararin sama fes yake. Wannan raɓa tana daga cikin abin da ke raya tsirrai a watannin da ba a ruwa.

Mashigin ruwan da ke tsakanin Turai da Afirka, a inda ya fi ƙunci, bai wuce kilomita 14 ba, kuma duk jirgin da zai shiga Bahar Rum daga yamma sai ya bi ta cikinsa. Ranar da gari ya yi garau, mai tsayuwa a kan dutsen yana hango duwatsun Maroko ƙuru-ƙuru. Wannan matsayi shi ne arzikin dutsen, shi ne kuma masifarsa.

Zaman mutane a nan ya girmi duk wani yaƙi da aka rubuta. A shekarar 1848 aka tono ƙoƙon kan wata mace a wata mahaƙar duwatsu da ke gindin bangon arewa, daga baya aka gane cewa na mutanen dauri ne da ake kira Niyandatal, shekara 8 kafin a sami ƙasusuwan ƙasar Jamus waɗanda suka ba jinsin sunansa. Kogon Gorham da maƙwabtansa da ke bakin ruwa ta gabas, inda waɗannan mutane suka zauna dubban shekaru, sun shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a shekarar 2016.

Hasumiyar Banu Marin

Abu na farko da ke tarar mai hawa ta arewa maso yamma shi ne wata ƙatuwar hasumiya mai kusurwa huɗu, jikinta duk tabon duwatsun majaujawa da harsasan igwa. Ita ce babbar shaidar da ta rage ta mulkin Musulmi, wanda ya ɗauki fiye da shekara 700 a wannan wuri.

A shekarar 711 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 92 bayan Hijira, Musa bin Nusair, gwamnan Banu Umayya a Arewacin Afirka, ya tura Ɗariƙu bin Ziyad da runduna ta kimanin mutum 7,000. Mafi yawansu Amazig ne, wato 'yan asalin Magrib, dangin Abzinawa ta wajen harshe. Suka ƙetare mashigi suka sauka a gindin dutsen ko daura da shi, a cikin wannan shekara kuma suka karya rundunar Sarki Rodarik, ƙofar Andalus ta buɗe. Labarin nan da ya shahara cewa Ɗariƙu ya ƙone jiragensa don kada mayaƙansa su yi tunanin komawa, marubutan da suka zo ɗaruruwan shekaru bayansa ne suka fara kawo shi, shi ya sa masana tarihi da yawa ba su dogara da shi ba.

Ɗariƙu ya bar wa dutsen suna ne kawai. Wanda ya kafa gari mai ganuwa shi ne Abdulmumini, sarkin Muwahhidun, a shekarar 1160, ya sa masa suna Madinatul Fathi. Kiristocin Kastil suka ƙwace shi a 1309, Banu Marin na Fas suka maido shi a 1333 a zamanin Sarki Abul Hasan, kuma bayan wannan ne aka sake gina hasumiyar a siffar da muke gani. A 1350 Sarki Alfonso na 11 ya mutu a sansaninsa yana cikin yi wa garin ƙawanya, ba da takobi ba, annobar nan da ta cinye Turai a wancan zamani ce ta ɗauke shi. Jim kaɗan bayan haka matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya ƙetaro daga Sabta ya zaga ganuwar, a cikin littafin tafiyarsa kuma an ba da labarin cewa Sarki Abu Inan, saboda tsananin kulawarsa da wurin, ya sa an ƙera masa siffar dutsen da hasumiyoyinsa an ajiye a fadarsa. Shi dai wannan matafiyi ne ya ratsa Sahara zuwa Mali a 1352, ya biya ta Takadda a 1353, inda ya ambaci cewa ana kai jan ƙarfenta wata ƙasa mai suna Kubar, wadda masana da yawa ke fassarawa da Gobir. Ashe ƙafar da ta taka matakalar wannan hasumiya ta zo har bakin ƙasar Hausa.

A 1462 Kastil ta karɓe garin karɓa ta ƙarshe, shekara 30 kafin faɗuwar Garnaɗa. Hasumiyar kuwa ba ta huta ba, domin wani sashe na ginin ya zama gidan kurkuku har zuwa shekarar 2010.

Turbar Makiyayi

Idan muka ci gaba zuwa kudu za mu ci karo da wata doguwar katanga da ta haura dutse daga gari har zuwa kusa da ƙololuwa. Mutanen Sifen ne suka gina ta bayan da 'yan fashin teku na Magrib suka afka wa garin a 1540 suka kwashe mutane. A yau masu ƙarfin gwiwa kan hau matakalar da ke jikinta, birai kuma sun mai da ita wurin shan hantsi.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sarkin Sifen ya mutu a 1700 bai bar magaji ba, manyan ƙasashen Turai suka shiga yaƙi a kan gadon. A cikin wannan hargitsi, a watan Agusta na 1704, rundunar jiragen ruwan Ingila da Holan ƙarƙashin George Rooke ta kama Jibralta cikin 'yan kwanaki. Kusan dukkan mazauna garin, kimanin mutum 4,000, suka fice da abin da suka iya ɗauka, da yawansu suka zauna a kan wani tudu da ke kallon dutsen, inda garin San Roke yake a yau. Sun tafi da zaton za su dawo ba da jimawa ba. Ba su dawo ba.

A cikin wannan shekara ne aka yi wani abu da ya shafi tarihin turbobin dutsen kai tsaye. Wani makiyayin awaki mai suna Simon Susarte, wanda ya san dutsen kamar tafin hannunsa, ya jagoranci sojojin Sifen kimanin 500 da dare ta wata ɓoyayyiyar turba a bangon gabas, wurin da Ingilishi suka ɗauka ko akuya sai ta yi da gaske. Suka kai bisa lafiya, amma ɗaukin da aka yi musu alkawari bai zo ba, gari na wayewa aka gan su, aka kashe na kashewa aka kama na kamawa. Daga nan Ingilishi suka farfashe turbar don kada wani ya sake bin ta. Tun daga ranar, kowace hanya a kan dutsen ta zama lamarin soja, shi ke cewa a buɗe, shi ke cewa a toshe.

Yarjejeniyar Utrecht ta 1713 ta mallaka wa Ingila garin da ganuwarsa da tasharsa. A ciki Sifen ta sa sharaɗin kada a bar Yahudu ko Musulmin Magrib su zauna a wurin. Sharaɗin bai yi ƙarko ba, domin sansanin da maƙwabcinsa ya rufe masa ƙofa dole ya nemi abinci daga Maroko, masu kawo abincin kuwa su ne waɗanda aka ce kada a bari.

Babbar Ƙawanya

Sama da hasumiyar Banu Marin akwai bakin wani rami da ya shiga cikin bangon arewa. Wannan rami ɗan ƙawanya ta 14 ne, wadda ta fi kowace tsawo da tsanani. A watan Yuni na 1779, lokacin da Ingila ke fama da yaƙin neman 'yancin Amurka, Sifen ta ga dama ta samu, ta tsare dutsen ta ƙasa da ta ruwa, Faransa kuma ta mara mata baya. Gwamna George Eliott yana da sojoji da ba su kai 6,000 ba a farkon al'amarin. Aka shafe shekara 3 da wata 7 ana abu ɗaya, kuma sau uku kacal manyan ayarorin jiragen Ingila suka iya kutsawa da abinci.

Yunwa ta fi harsashi ɓarna. Cutar nan da ke kumbura dasashi saboda rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itatuwa ta kwantar da sojoji, sai da aka kama wani jirgi ɗauke da lemo aka sami sauƙi. Talakawan gari suka bazama kan dutse suna tonon albasar daji da ganyayen da ko dabba ba ta cika so ba. Itacen girki ya yi wuya har aka koma farfasa tsofaffin jiragen ruwa, duk wata bishiya da gatari zai iya kaiwa gare ta kuwa aka sare ta. Wannan shi ne askin da muka ambata a baya.

Ta fannin yaƙi, matsalar Eliott ita ce abokan gaba sun matso gindin bangon arewa, inda igwoyinsa ba sa iya sunkuyawa su same su. Akwai wani ɗan tsauni a jikin bangon da ya dace a ɗora igwa, amma babu hanyar zuwa. Wani samanja mai suna Henry Ince ya ce a huda dutsen. A watan Mayu na 1782 suka fara, da guduma da ƙarfen haƙa da albarushi. Hayaƙi da ƙura suka kusa shaƙe masu aikin, sai suka fasa taga a gefe domin iska ta shigo, nan take aka lura cewa tagar kanta mazaunin igwa ce da babu kamarta. Abin da aka yi don numfashi ya zama makami.

Ranar 13 ga Satumba 1782 aka kawo babban farmaki da wasu jirage 10 da aka yi wa sulke na katako mai kauri, aka ce ba sa nutsewa ba sa ƙonewa. Mutanen Eliott suka riƙa gasa harsasan ƙarfe a wuta har su yi jawur kafin su harba. Harsasan suka nutse cikin katako suna ci a hankali, kafin wayewar gari jiragen sun zama toka. A watan Fabrairu na 1783 aka ɗage ƙawanya. Ingila ta riƙe dutsenta, amma dutse ne tsirara, awakin gari kuma suka hana duk abin da ya tsiro ya yi tsawo har tsawon shekaru masu yawa.

Shingen da Ya Kori Awaki

Buɗe mashigin Suwez a 1869 ya ƙara wa Jibralta daraja, domin ta zama zangon farko a kan hanyar Ingila zuwa Indiya. Manyan bindigogi masu cin dogon zango suka bar bakin ruwa suka hau ƙololuwa. Domin kare su daga idon ɗan leƙen asiri da ƙafar mai yawo, sai sojoji suka kewaye saman dutsen da dogon shinge na ƙarfe, suka kira shi shingen da ba ya hawuwa. Ba mai shiga sai da izini, makiyayi da awakinsa kuma suka tsaya a waje.

A nan ne karin maganar nan ta wani hani ga Allah baiwa ne ta tabbata. Da haƙorin akuya da gatarin mai neman itace suka gushe, zaitun na daji ya farfaɗo, da wata gajeriyar bishiya mai kama da kaba, da sauran ƙananan itatuwa masu jure fari, har suka rufe gangaren yamma. Hotunan dutsen na ƙarni na 19 suna nuna shi fari fat, mai ziyara a yau kuwa cikin inuwa yake tafiya. Sa'annan shingen ya tare wani abokin gaba da ya fi akuya haɗari, wato magini. A garin da mutum fiye da 30,000 ke cunkushe a ɗan fili, har ana cike teku don a sami wurin gini, da ba don haramcin soja ba da wuya gangaren ya tsira daga gidaje.

Turbar da ta fi kowace suna a gandun, wadda ake kira Matakalar Bahar Rum, ita ma aikin soja ce. An sassaƙa ta ne don masu gadi su riƙa zirga-zirga tsakanin wuraren tsaro. Tana farawa daga Ƙofar Yahudawa, kusa da tsohuwar maƙabartarsu, a tsayin kimanin mita 180, ta zagaya ta bangon gabas inda babu komai a ƙarƙashin mai tafiya sai teku, ta wuce bakin kogwanni da rusassun ɗakunan gadi, sa'annan ta miƙe sama a karkace har kusa da ƙololuwa. An gyara ta a 2007 bayan ta lalace. A ƙarshenta akwai sansanin igwa na O'Hara, inda wata ƙatuwar bindiga ke zaune har yanzu, wadda harsashinta ke iya kaiwa gaɓar Afirka. Rabonta da tashi tun 1976, shi ma a wajen atisaye.

Birni a Cikin Dutse

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya kai mulkin soja maƙura. A 1940 aka kwashe mata da yara da tsofaffi, kimanin mutum 16,000, aka fara kai mafi yawansu Maroko, daga baya aka rarraba su zuwa Ingila da Madera da Jamaika, wasu kuma suka ƙare a Ailan ta Arewa. Na ƙarshensu ba su ga gida ba sai a 1951. Duk mai yaba kyan wannan gandu ya kamata ya tuna cewa mutane ne suka biya kuɗinsa, na 1704 da na 1940.

Hitila ya shirya kama dutsen ta cikin Sifen, ya gana da Janar Franko a kan iyakar Faransa a watan Oktoba na 1940, amma ba su daidaita ba, shirin ya mutu. Ingilishi dai ba su saki jiki ba. Injiniyoyinsu da na Kanada suka shiga huda dutsen dare da rana, suka yi asibiti da gidan burodi da ma'ajin ruwa da na makamai da tashar lantarki, da masaukin da zai ɗauki sojoji 16,000. Duwatsun da aka fitar da su aka cike teku aka tsawaita filin jirgin sama. Jimillar hanyoyin da ke cikin dutsen a yau ta kai kimanin kilomita 55, ta fi tsawon titunan da ke waje. Daga wani ɗaki mai laima a cikin waɗannan ramuka ne Janar Aizanhawa na Amurka ya jagoranci saukar sojojin ƙawance a Maroko da Aljeriya a watan Nuwamba na 1942.

Akwai kuma wani shiri na sirri da ke nuna iyakar inda tunanin yaƙi ke kai mutum. An haƙa wani ɓoyayyen ɗaki kusa da ƙololuwa, da tankin ruwa da 'yan ƙananan tagogi biyu masu kallon teku, aka zaɓi mutum 6 waɗanda za a toshe a ciki da bulo idan Jamus ta ci garin, su riƙa aika labarin jirage ta rediyo. Ba a kai ga rufe su ba, ɗakin kuma ya ɓace wa mutane sai bayan fiye da shekara 50 masu binciken kogwanni suka gano shi.

Magadan Dutse

Biran Jibralta, waɗanda ba su da wutsiya, asalinsu duwatsun Maroko da Aljeriya ne, kuma su kaɗai ne birai masu zaman kansu a daji a duk nahiyar Turai. Akwai camfin cewa ranar da suka ƙare mulkin Ingila zai ƙare. Da yawansu ya ragu ƙwarai a lokacin yaƙi, Firayim Minista Cocil da kansa ya ba da umarni a kawo ƙari daga Arewacin Afirka. Daga 1915 zuwa 1991 rundunar soja ce ke ciyar da su, da jami'i na musamman da rajistar sunayensu. Yanzu sun kai ɗari biyu da wani abu zuwa 300, alhali 'yan'uwansu na Magrib suna cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu.

Tsirrai masu fure fiye da iri 600 ke fitowa a wannan ɗan wuri. Ɗaya daga cikinsu, wani fure mai ƙamshi da ba a samun sa ko'ina a duniya sai a nan, an riga an fid da rai da shi, sai a 1994 aka ga ya tsiro a wani tsagin dutse. Aka ɗebi irinsa aka raya a lambun gwamnati.

Amma abin da ya fi jan hankalin masana shi ne tsuntsaye, waɗanda aka ƙidaya fiye da iri 300. Manyan tsuntsaye irin su shirwa da ungulu da gaggafa ba sa iya doguwar tafiya da kaɗa fiffike, sai dai su hau iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa ta ɗaga su sama, su yi ta lilo. Irin wannan iska ba ta tashi a kan teku, don haka dole su nemi inda ruwa ya fi ƙunci. Shi ya sa dubban ɗaruruwansu ke taruwa a wannan mashigi sau biyu a shekara, su ƙetara kudu idan sanyin Turai ya gabato, su koma arewa idan ya wuce. Da yawa daga cikinsu a ƙasashen Sahel na Afirka ta Yamma suke cin rani. Dalilin da ya kawo Ɗariƙu nan shi ne ya kawo shirwa, sai dai ita ta riga shi, kuma ba ta taɓa neman izinin mai igwa ba.

Ranar da Soja Ya Tashi

A 1967 mutanen Jibralta suka zaɓi zama da Ingila da ƙuri'a 12,138, masu son Sifen kuwa 44. Franko ya rufe iyaka a 1969, ba a buɗe ta gaba ɗaya ba sai a 1985. Ma'aikata daga Maroko ne suka cike gurbin 'yan Sifen da aka hana shigowa, kuma a 1997 aka buɗe babban masallaci a ƙarshen kudancin ƙasar, kyautar Sarki Fahad na Saudiyya, wanda mai saukowa daga Matakalar Bahar Rum ke hango hasumiyarsa tana fuskantar Afirka.

A wannan tsakani ne Ingila ta fara janye jiki. Ma'aikatar gyaran jiragen yaƙi ta rufe a 1984, bataliyar sojan ƙasa ta ƙarshe da ake turowa daga Ingila ta tashi a 1991, filaye masu yawa kuma suka koma hannun gwamnatin gari, ko da yake har yanzu akwai sansanin jiragen ruwa da na sama da wasu wurare a ƙololuwa da ke hannun soja. Wannan shi ne lokaci mafi haɗari ga dutsen, domin mai gadi ya tafi, ga kuma masu kuɗi na neman fili. Sai dai 'yan ƙasar masu nazarin tsuntsaye da tsirrai sun daɗe da kafa ƙungiya suna ƙidaya abin da ke wurin suna rubutawa. A shekarar da bataliyar ta tashi, a cikinta aka kafa dokar kare halittu. A 1993 aka ayyana saman dutsen a matsayin gandu, a 2013 aka faɗaɗa shi. Gangaren gabas, wanda tun 1903 aka fara lulluɓe shi da kwanon rufi don tara ruwan sama, an yaye shi bayan da aka koma tace ruwan teku, aka shuka masa tsirran asali.

Aikin bai ƙare ba. Baƙi na ba birai alewa duk da tarar da doka ta sa, har suka koyi ƙwace da cizo, a 2014 sai da aka kwashe 30 daga cikinsu zuwa Sikotilan. Layukan da sojoji kan share don tare gobara, waɗanda suka zama wurin kiwon makwarwar dutsen da ƙananan furanni, sun fara cushewa da aka rage sharar su. Wato ko barin daji ya yi yadda ya so ba ya wadatarwa, sai da hannu mai kula.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa ba yaƙi ne ya ƙaunaci Dutsen Ɗariƙu ba. Yaƙi ya kori mutanensa sau biyu, ya sare itatuwansa, ya rarake cikinsa. Alherin da ya yi masa bisa kuskure ne, kuma da zai gushe cikin 'yan shekaru da ba a sami doka da masu tsaya mata ba a daidai ranar da shinge ya rasa mai gadi.

Wannan batu bai yi nisa da mu ba kamar yadda taswira ke nunawa. A can sansanin yaƙi ne ya koma gandu, a nan kuwa mun ga gandu ya koma sansanin yaƙi. Dajin Sambisa na Borno, wanda aka keɓe domin namun daji, ya zama mafakar Boko Haram, dajin Kamuku na Birnin Gwari kuma ya sha zama maɓoyar 'yan bindiga. Hanya ɗaya ce, kowa da inda ya fuskanta. Keɓaɓɓen wuri ba ya zama babu mai shi. Idan hukuma da masana da mutanen da ke kewaye da shi ba su taka turbobinsa ba, ba su san abin da ke cikinsa ba, wani zai taka su, kuma ba da littafin ƙidayar tsuntsaye zai zo ba.